Daminar da Tabul Ya Yi Nawa

Shekaranjiya da la'asar ruwan shuka ya sauka a Tasawa. Unguwarmu ta ɗauki guɗa, kuma maƙwabcina Alhaji ya tsaya a ƙofar gida yana shaƙar ƙamshin ƙasa kamar wanda aka kawo wa tsarabar turare daga Makka. Ni ma na shaƙa, tunda hanci ba ya neman izini. Sai dai abin da ya iso mini ba ƙamshin ƙasa ba ne kaɗai. Akwai warin man gazuwal a ciki, da ƙaurin waya mai zafi, da tsamin zufar mutanen da suka yini a rana ba su ci ba. Shekaru sun tura tun daga waccan damina, gemuna ya yi fari, amma duk ruwan farko sai ya dawo mini da ita.

A lokacin na ajiye alli. Na daɗe ina mushe, wato malami, a lakwal, makarantar boko, ina koya wa ƴaƴan manoma yadda ake juya fi'ilin Faransanci ta hanyoyin da Faransawa da kansu suka daina bi. Sai wani furoje na agaji ya zo Mayahi yana neman wanda ya iya ordinatar, wato kwamfuta. Na iya daidai gwargwado. An taɓa tura ni horo Maraɗi, kuma ni mutum ne mai karanta duk takardar da ta faɗo hannunsa, har ta cikin kwalin magani. Aka ɗauke ni, aka tura ni Kanan Bakashe, aka ce aikinmu raba irin hatsi ga gidajen da suka rasa.

Gidajen da suka rasa kuwa su ne kusan kowa. Kakar da ta gabata hatsi ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke, aka girbe kara. Kafin bazara ta yi nisa rumbuna sun zama wurin kwanan kaji, daga baya aka sayar da kajin. Maza suka tafi biɗar abinci, wasu kudu, wasu arewa. Abu na ƙarshe da manomi yake ci shi ne irinsa, kuma a shekarar an ci. Mata kan tashi da asuba su tafi tsinkar anza, su jiƙa, su zubar da ruwan, su sake jiƙawa don ɗaci ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Da hantsi a ja ruwa a rijiya da igiyar da ake ƙara wa tsawo duk mako. Da rana a tafasa ganyen jiga, a barbaɗa dusa in an samu. Zafin kuwa, in ka taɓa ƙofar kwano da azahar sai ka tuna wa'azin da ka ji kana yaro.

Mu an ba mu aji guda a lakwal ɗin garin. A kusurwa aka girke babbar na'urar da ake ce wa serbar, a waje gurup, injin wuta, yana ruri yana ba ta kuran. Cikin serbar akwai baz, wato rumbun bayanai, cikin baz kuma akwai tabul guda mai girman tsiya. Layi-layi ne, kowane layi gida guda: sunan mai gida, ƙauyensa, sunan matarsa, da bakunan da yake ciyarwa. Injiniyan da ya gina shi, wani Sule a Yamai, ya zuba gidajen Mayahi da na Tasawa duka a ciki. Doka ita ce ba mai karɓar iri sai na samo layinsa na buga masa tike, ya kai magaza, wato sito, a auna masa.

Shugabanmu Shef Lawali ne, mutum mai tsabta ƙwarai. A garin da ake sayar da akuya don ruwan sha, shi rigarsa kullum da karin guga.

Ruwan shuka ya sauka ranar jajibirin kasuwa, ruwa mai kyau, irin wanda yake ratsa yashi ya zauna. Duk wanda ya taɓa riƙe sungumi ya san lissafin: danshi baƙo ne, kwana kaɗan yake yi, wanda bai shuka a cikinsa ba sai ya jira wani ruwan, kuma wani ruwan ba a hannun kowa yake ba. Gari na wayewa filin lakwal ya cika. Na leƙa ta taga na ga abin da ba wanda ya yi tunaninsa a Yamai. Mata ne kusan duka. Mazan suna can inda yunwa ta jefa su, da katin shaidarsu a aljihu.

Cikin na farkon da suka zo gabana akwai wata dattijuwa daga wata tunga yamma da gari, doguwa, busasshiya kamar sandar makiyayi. Inna Tsahara. Jikoki gare ta a gida, iyayensu sun bar mata.

Na ce, "Inna, sunan mai gidan?"

Ta dube ni kamar na ce ta kwance zane a kasuwa. "Mushe, ba a yi maka tarbiyya ba, ko lakwal ce ta cinye?"

"Na'ura ce ke tambaya, Inna, ba ni ba."

"To ita ba ta da uwa? Ka ce mata Malam."

"Malam wa?"

"Malam na gidanmu. Guda ne, ba a yi mani biyu ba."

Layi ya fashe da dariya. Na juya ga yarinyar da ke bayanta na ce ta taimaka. Ta rufe baki da mayafi, ashe surukinta ne. Ta bayanta ta sunkuyar da kai, sunan ɗanta na fari ke nan. A tunga irin tasu suna guda mijin wata ne, surukin wata, ɗan farin wata, babu bakin da zai iya ɗaukarsa. Can wata ta ce, "Ai Tanko ne, kowa ya san Tanko." Kowa ya san Tanko, ban da tabul, wanda bai san kowa ba sai da sunan yanka na jikin kati.

A nan ne matsalar take, kuma sai na ɗan yi darasi, tsohon hali. Tabul mai yawa yana buƙatar abin da ake kira andes, kamar jerin nan na bayan littafin lakwal da ke gaya maka shafin da za ka buɗe. Sule ya yi andes guda, a kan sunan mai gida. In ka ba na'ura wannan sunan, kafin ka ƙifta ta kawo. In kuwa ka ce ta nemo Tsahara ta tunga kaza, ba ta da jagora. Sai ta fara daga gida na farko a ƙasar Mayahi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen ƙasar Tasawa, kamar mai neman allura da ya ƙudura sai ya tankaɗe tudun yashi duka.

Na buga sunanta da na tungarsu. A fuskar ordinatar wata ƴar kwalbar yashi ta fito tana juyawa. Mu da muke zaune cikin yashi har wuya, an kawo mana nasu daga Turai mu kalla. Na jira. Na sha ruwa. Da na so da na yi alwala na yi nafila na dawo. Serbar tana gurnani, ɗaki yana ƙara zafi, ƙudaje suna sauka a idon jariran da ke goye. Kafin amsa ta fito Shef Lawali ya shigo, ya dubi layi, ya dubi agogo.

Ya ce, "Ba za mu ƙare ba haka. A raba layi biyu. Masu faɗin suna nan, masu kunya can gindin bango."

Haka aka yi. Inna Tsahara ta koma gindin bango da ayarin mata, aka ce sai an sallami sauran. Ƴan tsirarun maza da masu kati suka wuce fit-fit. Da yamma, kafin gurup ya mutu, na samu na sallami kaɗan daga na bangon, kowace da jiranta mai tsawo.

Washegari Inna Tsahara ta shigo ba tare da an kira ta ba. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini dunƙulen ƙasa a kan tebur, kusa da madannai. Ƙasar gonarta ce, ta matse ta a hannu ta dunƙule.

"Ka nuna ma na'urarka wanga. Yau tana kamawa. Ban san gobe ba."

Ranar ce na ga abin da har yau ban yafe wa wannan ɗakin ba. Wata ƙaramar mace mai ciki ta taso daga bango, ta zo ta durƙusa kusa da kujerata, ta kawo bakinta kunnena, ta raɗa mini sunan mijinta. Numfashinta yana warin anza. Na buga, tike ya fito nan take. Ta karɓa ta fita ta bayan aji don kada ta haɗa ido da uwar mijinta da ke zaune a bangon. Wasu suka bi sahunta. Shef ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaɗa kai.

"Ka gani, Mushe? Yunwa tana wayar da kai."

Na karanta littattafai da dama a rayuwata, har da waɗanda aka rubuta musamman don tayar da zuciya. Babu jimlar da ta taɓa ƙona mini rai kamar wannan.

Da aka tashi sallar azahar na zauna na buɗe takardar reglaj ta baz, inda ake gaya mata yadda za ta yi aiki. Ana iya karantawa, ba a iya canzawa sai da modapas, kalmar sirrin da ke hannun Shef. Abin da na gani ya isa. Na'ura tana da wuri biyu: disk, wanda shi ne rumbu, da memwar, wadda ita ce shimfiɗar da take baje abin da take aiki da shi. Serbar tamu an sayo ta da memwar mai faɗin filin idi. Amma reglaj ɗin yana nan yadda ya fito daga masana'anta, ya ƙayyade wa baz wuri kamar faifai. Don haka duk tambaya sai ta je rumbu ta ɗebo tafi guda, ta duba, ta mayar, ta sake ɗebowa. Ƙari a kan haka an bar wani jurnal a kunne, yana rubuta duk motsin da ta yi a kan disk ɗin da take fama da shi. Jaki ne aka ɗora wa kaya, aka ɗaure masa ƙafa, aka kuma ce ya riƙa ba da rahoton kowane taku.

Na sami Shef a ofishin darakta, inda aka ja waya daga gurup ɗinmu zuwa fankarsa. Yana cin shinkafa da sardin, mai yana bin yatsunsa.

Na ce, "Shef, na ga inda ciwon yake. A faɗaɗa memwar, a kashe jurnal, a yi andes a kan ƙauye da sunan mata. Sai dai a tsayar da na'ura na ɗan lokaci, kuma ina son in kira Sule ya tsaya mani."

Ya tsotse yatsa. "On ne touche à rien, Mushe, kar a taɓa komi. Baƙi na tahe daga Yamai, masu ba da kuɗin da kansu. In ka taɓa ta ƙi tashi hwa? In nuna masu mi, gawa?"

"To a raba da hannu. Mai gari ya san kowa."

"Babu tike, babu iri. Ba ni na rubuta dokar ba."

"Shef, danshi zai tahi."

"Danshi na Allah ne." Ya goge baki, ya dubi filin ta taga, inda mata suka lafe a ɗan siririn inuwar bango. Ya sassauta murya kamar mai ba ni sirrin sana'a. "Kuma kai malamin lakwal ne, ba ka san wanga aiki ba. Baƙo in ya zo ya tarar da fili wayam, mi zai ɗauka a hoto? Layi shi ne shaidar buƙata."

Na fita na bar shi da ƙudajensa, waɗanda su aƙalla ba sa yin bayani.

Baƙin ba su zo ranar da aka ce ba, ba su zo washegarinta ba. Sama ta yi fes, ko gajimaren rantsuwa babu. Iska mai zafi ta riƙa lasar gonaki. Matan bango kan taso da asuba, su yi tafiya a yashi, su zauna, su koma da magariba da ƙwarya wofi. Wasu sun daina komawa, suna kwana a filin, kuma filin ya fara wari, don bayan gidan lakwal an yi shi ne don yara, ba don gari guda ba. Ni ina buga suna, kwalbar yashi tana juyawa, ina sallamar wanda ya samu. Ana shiga da mata bisa yadda Shef ya jera ƙauyuka, tungar su Inna Tsahara tana can ƙarshe. Kowace safiya sai ta ajiye mini ƙasa. Dunƙulen ya fara tsagewa. Daga baya sai ya tsaya na ɗan lokaci ya rushe.

Wata safiya ta ce, "Mushe, na'urar nan mace ce ko namiji?"

"Ba ko ɗaya, Inna."

"Na sani. Da mace ce da ta ji kunya, da namiji ne da ya yi zuciya."

Ranar da baƙi suka iso, sun zo cikin fararen motoci da robobin ruwa masu raɓa a jiki. Shef ya sa aka taso da matan daga inuwa aka jera su a rana, don hoto ya fi fitowa. Aka zaɓi wata mai goyo, ya miƙa mata buhu, aka karɓa, ya sake miƙawa, aka sake karɓa, sai da mai hoto ya gamsu. Wata baƙuwa ta yi ƙwalla, da gaske ta yi, sannan ta matsa wani ruwa mai ƙamshi a tafinta ta murje hannun da ta gaisa da shi. Suka shigo ajina. Shef ya ce in nuna musu aikin zamani, ya faɗi sunan wani mai gida da ya tanada. Na buga, ya fito kafin ƙiftawa. Aka tafa. Wani ya ce a ƙasarsu ma ba ko'ina ake da irin wannan ba.

Ƙurar motocinsu ba ta gama kwantawa ba Shef ya leƙo, fuska sake, ya faɗa mini modapas kamar mai ba da goro. "Yi abin da za ka yi, Mushe. Yanzu a watse mani da taron nan, wari ya yi yawa."

Na hau tudun bayan lakwal inda rezo na waya yake kamawa, na kira Sule. Na bayyana masa. Sai ya ce:

"Mata ne suka zo?"

"Mata."

"Wayyo Allah. Ni uwata har ta rasu ban taɓa jin sunan babana a bakinta ba, kuma na zauna na gina abin nan ban tuna ba. Da ɗan ƙaramin tabul na gwada, ya yi gudu, na bar reglaj yadda yake. Mi ya hana ku kira ni tun ran farko?"

Kuɗin waya na ƙonewa, muka kama aiki. Ina hawa tudu ina saukowa, yana faɗi ina bugawa. Muka ba baz mafi yawan memwar, yadda tabul duka zai baje a shimfiɗa ba sai an koma rumbu ba. Muka kashe jurnal. Muka yi andes a kan ƙauye da sunan mata. Na kashe serbar, ɗakin ya yi tsit karon farko, na ji kukan wani jariri a waje sarai. Na kunna. Mai gadi ya ɗora shayi lokacin da na fara, bai kai ga zuba na biyu ba na gama. Iyakar aikin ke nan. Yau da na koma koyarwa, wayar da ke aljihun ɗalibaina ta fi waccan serbar ƙarfi, kuma na ji suna zaginta in ta yi jinkirin buɗe hoto.

Na leƙa na kira Inna Tsahara, na tsallake jerin Shef. Na buga tungarsu da sunanta. Layinta ya fito, da sunan Malam a gaba, na karanta a zuci na bar shi can. Kafin la'asar sakaliya bango ya zama wayam, mai auna iri har yana roƙon in rage gudu.

Ta dawo daga magaza da irin a ƙwarya. An rina shi ja da maganin ƙwari, don kada gara ta ci, don kuma kada mutane su ci. Ta kwance bakin zane kamar kullum, ta buɗe hannu a kan teburina. Yashi ya zube ta tsakanin yatsunta kamar gari.

Ta ce, "Sannu da aiki, Mushe. Binne zan yi."

Binne shi ne a tura iri cikin busasshiyar ƙasa a bar wa Allah, ko ruwa ya riga ɓera. Da yawa haka suka yi. Wasu kuma suka dubi sama, suka dubi yaransu, suka wanke jan irin ruwa bayan ruwa suka daka. An yi ta kawo yara ɗakin magani da amai a wannan makon.

Ruwa na biyu ya yi jinkiri ƙwarai. Waɗanda suka shuka a danshin farko hatsinsu ya jure, ya yi kwance ya tashi. Na binne kuwa ɓeraye da zabin daji sun yi sallarsu. Da aka yi wani ɗan yayyafi abin da ya rage ya tsiro, rana ta biyo ta ƙone shi.

Damina ta raba tsakiya na gamu da ita ranar kasuwa, a inda manyan motocin kudu suke lodi. Tana zaune a kan ƙullin kaya, jikokin a jikinta, tukunya guda a gefe. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gona.

"Gona tana nan, ba ta zuwa ko'ina. Mu ne za mu tahi. An ce an ga Malam wajen Katsina yana ga-ruwa."

"Allah ya sa a dace, Inna."

"Amin. Yaya mutuniyar taka, na'urar? An ce ta warke."

"Ta warke. Yanzu gudu take."

"Madalla. Ka gaishe ta."

Yaran mota suka ɗaga ta sama kan buhuna, suka miƙa mata jikokin ɗaya bayan ɗaya.

Da safe Shef ya ce a sabunta tabul, a yi wa gidajen da suka watse alama, don rahoton ƙarshen wata ya fita da tsabta. Na zauna, na buga tungarsu da sunanta. Ban ɗaga yatsa daga madanni ba ta fito. Na sa alamar sun tashi, na wuce gida na gaba, shi ma bai sa ni jira ba.